Jaridun da Na Ƙona a Turai

Wata goma sha takwas na yi a waccan ƙasa, kuma har yau idan aka tambaye ni yaya Turai, sai in ce da sanyi, in ja bakina in yi shiru. Ba zan faɗi sunan ƙasar ba, na gaji da jin sa a bakin mutane. Tana can arewa sosai, inda rana take leƙowa kamar an tilasta mata, ta koma tun ƙarfe uku na rana.

Mu mutanen Jos muna da wani alfahari da sanyi. Idan baƙo ya zo daga Kano yana karkarwa, dariya muke yi masa, mu ce ai bai ga komai ba. Ranar da na fito daga filin jirgi da 'yar rigar sanyina ta gwanjo, a nan na gane ashe duk shekarun nan wasa muke yi.

Karatu na je, kwas na shekara biyu kan duba lafiyar nama. Ni ɗan mahauci ne, a Abattoir, babbar mayankar Jos, na tashi cikin jini da tumbi, kuma burina in dawo da takardar da za ta sa in shiga wurin da farar riga maimakon wuƙa. Wanda ya yi mini hanyar tafiyar, wani ɗan garinmu mai ofis da kujerun fata, ya rantse mini cewa ɗaki yana jirana, aiki ma yana jirana a wata mahauta ta Musulmi. Makarantar dai gaskiya ce. Adireshin ɗakin kuwa, da na je, shagon tayoyi na tarar a kulle. Na kira lambarsa har wayata ta mutu. Kwana uku na yi a wani masallaci da ke ƙarƙashin bene, ina matashi da jakata.

Rana ta huɗu ina tsaye a wurin jiran bas, iska ta shigo mini ta wuya, ban san lokacin da na ce, "Wayyo Allah, sanyi!" ba.

Wani ƙaton mutum da ke gefena, ya naɗe fuska sai idanu, ya juyo.

"Ya fi na Jos, ko?"

Na kusa faɗuwa. Sunansa Tunde, Bayarabe ne Kirista, haihuwar Daɗin Kowa, yana aikin kula da tsofaffi a wani gida. Da ya ji labarina sai ya girgiza kai.

"Oga, wannan mutum ya ci ka. Abeg ɗauko jaka naka. Akwai kujera a ɗaki na, idan ƙafa naka bai yi tsawo ba."

A Jos da wuya mu haɗu. Ni ina Kwararafa, shi yana Daɗin Kowa, kuma kowannenmu ya san titunan da ba ya bi idan gari ya ɗauki zafi. Amma a can, tukunya ɗaya muka yi. Ya daina sayen naman alade ba tare da na roƙe shi ba, ni kuma na koyi yin sallar asuba ba tare da na kunna fitila ba. Idan kewar gida ta taso mana, sai mu soya dankali mu yi ta zaginsa, muna cewa bai kama ƙafar namu ba.

Shi ya samo mini aiki: sharar jiragen ƙasa a tashar ƙarshe. Jirgi zai iso, fasinjoji su sauka, mu shiga da buhu da tsintsiya, mu fito kafin ya juya. Doka ta ƙayyade wa ɗalibi awoyin da zai yi aiki a mako. Ni ninki nake yi, don idan ban yi ba babu abinci, kuma duk ɗaliban da na sani haka suke. Takardar izinin zamana kuwa duk wata shida ake sabunta ta. Ita ce raina a ƙasar. A cikin leda nake ajiye ta, ledar a cikin aljihun ciki.

Shugabarmu a wurin aikin wata dattijuwa ce, Madam Inga, mai gajeren gashi fari da muryar masu shan taba. Ba ta dariya, amma ita ta kawo mini takalman ɗanta da ta ga nawa suna shan ruwa, ita kuma ta ba ni mabuɗin ɗakin tsintsiya in riƙa yin salla a ciki.

Haka na lallaba har saura wata shida in gama. Sai ranar wata Talata.

Akwai wata jarida da ake rabawa kyauta a tashoshi. Mutane su karanta, su bar ta a kujera, ta zame ƙasa, a tattake ta. Rabin abin da muke kwasa ita ce. Da safiyar nan na shiga taragon farko, na sunkuya zan ɗauki ɗaya, sai na ga zane a shafin gaba, na barkwanci, wai na Annabi ne, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ba zan siffanta shi ba. Na kawar da kai, amma ido ya riga ya gani. 

Abin da ya fi tsaya mini shi ne sunan. A saman zanen an rubuta sunansa da manyan baƙaƙe, kuma sawun takalmi mai laka ya bi ta kai.

Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, da yamma balangu yake sayarwa a bakin titi a Kwararafa, kuma da tsohuwar jarida ake naɗe nama. Bai iya karatun boko sosai ba, amma ya iya gane sunan Allah da na Annabi ko da wane irin rubutu aka yi su. Kowane shafi sai ya ɗaga shi ya duba gaba da baya kafin ya ɗora nama. Wanda ya ga suna a ciki, sai ya ninke shi ya jefa a wani gwangwani. Idan gwangwanin ya cika, ya ƙona takardun a wuri mai tsabta, ya binne tokar. Haka ake yi da takarda mai alfarma idan ta tsufa, kowa a unguwarmu ya sani. Tun ina yaro hannuna ya saba: in na ga suna a ƙasa, sai na ɗauka.

To ga ni da buhun shara a hannu, cikinsa gwangwanin giya da tsumman majina, ga kuma sunan a ƙasa, tarago bayan tarago. Na kasa. Na samo buhu sabo na daban, na riƙa kife jaridun ina sakawa a ciki.

Da aka tashi aiki Madam Inga ta gan ni da buhu biyu a kafaɗa.

"Wannan fa? Wurin zuba takarda yana can."

Na yi mata bayani iya Turancina. Ta saurara har ƙarshe, ta busa hayaƙi.

"Nasiru, a nan muna zana sarkinmu da kunnen jaki. Muna zana limaman cocinmu. Kakannina sun sha wuya kafin a bar mutum ya yi dariya ga manya ba a ɗaure shi ba. Ni ban ga kyan zanen nan ba, amma ba zan so a hana shi ba."

Na ce, "Madam, sarkinku yana da fada da 'yan sanda. Wannan da aka zana, ni na fi son sa fiye da mahaifiyata. Kuma ni ke share ƙasan da aka yar da shi."

Ta ce takardar shara ce, in ina so in ɗauka. Ba ta gamsu ba, ni ma ban gamsu ba, amma ta riƙe mini ƙofa na fita.

Kwana huɗu ana maimaita zanen, domin wasu jaridun ma sun ɗauka, wai nuna goyon baya. A wasu ƙasashe an fara zanga-zanga, har an rasa rayuka, talabijin ba ta da wani zance. Ni kuma kullum ina dawowa da buhu. Na gwada yanke sunan da almakashi in rabu da sauran, sai na ga kowane yanka sai na sake kallon zanen. Na bari. Ɗakin Tunde ya cika har bakin banɗaki.

"Oga, ni ban hana ka ba," ya ce, yana tsallake buhu. "Amma mu biyu da jarida, wani zai fita. Yaya Baba naka yake yi da nasa?"

"Ƙonawa yake yi."

"To ka ƙona mana."

Shi ma ɗan Jos ne. Bai ga komai a ciki ba, kamar yadda ban gani ba.

Ranar Asabar da hantsi, Tunde yana wurin aiki, na yi alwala, na sa jallabiya mai tsabta da hula a kan kayan sanyi, domin ba a yin irin wannan aikin da kayan shara. A tsakar gidajen benen akwai wani murhun ƙarfe da ake gasa nama da bazara. Na wanke shi, na hura wuta, na riƙa saka jaridun kaɗan-kaɗan ina salati. Wallahi tun Talata ban sami natsuwa irin ta wannan lokacin ba. Har hawaye na yi.

Ban ɗaga kai na kalli tagogi ba. Da na ɗaga, da na ga abin da su suke gani: baƙin mutum mai gemu da doguwar riga, yana ƙona tulin jaridun nan a makon nan, yana motsa baki da Larabci.

Ina buhu na uku motocin 'yan sanda biyu suka shigo. Aka daka mini tsawa in ɗaga hannu, aka kwantar da ni a kan ƙanƙara, wani ya fesa wa wutar farin kumfa. Yini guda na yi a ofishinsu ana yi mini tambayoyi. Wa ya aiko ka? Wane malami kake bi? Ka san inda mai zanen yake zaune? Na yi ta ba su labarin gwangwanin mahaifina, suna rubutawa suna kallon juna. Tunde ne ya zo da yamma, da kayan aikinsa a jiki da ɗan gicciyensa a wuya, ya yi ta rantsuwa cewa shi ya ce in ƙona. Suka sake ni.

Kafin mu isa gida bidiyon ya riga mu. Wata maƙwabciya ce ta ɗauka daga hawa na uku. Sakan arba'in ne kawai, babu alwalar, babu wankin murhun, sai wuta da gemu.

Ranar Litinin kamfanin sharar ya ce in dakata a gida. Madam Inga ce ta karɓi mabuɗin ɗakin tsintsiya. Ta ce ta gaya musu abin da na gaya mata, amma ba ita ke yanke hukunci ba. Ta cusa mini burodi a aljihu ta juya da sauri.

A masallaci kuwa sai na zama ango. Mutanen da ba su taɓa tambayar sunana ba suka riƙa rungume ni. Wani daga cikin shugabannin ya kama hannuna da hannu biyu, ya ce na wanke wa al'umma fuska, kuma ranar Juma'a za a fita zanga-zanga, suna so in kasance a sahun gaba. Na ce masa ni ba zanga-zanga na yi ba, suna na ɗauke daga ƙasa. Ya yi murmushi ya ce tawali'u ma ibada ce.

Sai ƙanena Bashir ya kira daga gida, cike da murna.

"Yaya! Ka ga yadda kake yawo? Duk Jos an gani! An sa maka waƙa a ƙasa, an rubuta Zakin Filato. Samari suna cewa idan ɗan Kwararafa zai yi haka a tsakiyar Turai, mu me muke jira?"

Na san abin da "me muke jira" yake nufi a garinmu. Mai zanen yana can cikin ɗumi da masu gadi, ba zai taɓa jin sunan Kwararafa ba. Wanda za a tare a hanya shi ne mai gyaran takalmi, ko matar da ta fito sayen tumatir. Na taɓa kwana biyu a ƙarƙashin gado ina jin ihu, na san ƙaurin taya idan tana ci. Na ce wa Bashir idan ya sake tura bidiyon ga wani, ban yafe ba. Sai ya ce, "Yaya, ko sun tsorata ka ne?"

Bayan mako biyu takarda ta zo daga ofishin shige da fice. Jami'in da na gani saurayi ne mai ladabi, har shayi ya ba ni.

Ya ce, "Ka kwantar da hankalinka game da jaridun. A ƙasar nan mai zane yana da 'yancin zanensa, kai ma kana da 'yancin ƙona jarida. Ra'ayi ne. Laifinka a nan hura wuta a tsakar gida kawai, kuma ƙarami ne."

Na fara sauke numfashi. Sai ya juyo da wata takarda. Da 'yan sanda suka bincike ni, sun nemi bayanan aikina, ga awoyina nan a jere, mako bayan mako. Ya ce ya yi baƙin ciki, amma ba za a sabunta izinina ba. Kwana talatin.

Na ce saura wata shida in gama karatu. Ya ce ya gani. Na ce duk ɗalibai haka suke yi. Ya ce mai yiwuwa, amma fayil ɗina ne a gabansa.

Akwai ɗaukaka ƙara. Tunde ya kai ni wurin wata lauya mai taimakon baƙi. Ta ce a takarda ba ni da hujja, sai dai idan jama'a sun tausaya mini, kuma akwai gidan talabijin da ke nemana. In je in ba da labarin mahaifina, zai taɓa zuciya. Amma za su tambaye ni ko zanen ya ɓata mini rai, kuma gara in ce a'a, in ce na fahimci raha ce, ina goyon bayan a buga.

Na ce, "Ba zan taɓa mai zanen ba, ko an ba ni shi a ɗaure. Wannan zan faɗa ko'ina. Amma in ce bai yi mini ciwo ba, ƙarya ce."

Ta ce rabin magana ba ta cin ƙara.

Mutanen masallaci su ma suka aiko cewa za su ɗaukar mini babban lauya, in dai zan tsaya a gaban kyamara in ce na ƙona ne don fushi, kuma zan sake. Wannan ma ƙarya ce, kuma na san inda za ta sauka. Kowace kalma na furta a can, kafin magariba tana Jos da waƙa a ƙarƙashinta.

Na yi kwanaki ina juya abin a kan kujerar Tunde. Wata shida. Farar riga. Inna da take gaya wa maƙwabta ɗanta likitan nama ne. Ina so in zauna, Allah Ya sani ina so. Amma ƙofa biyu aka buɗe mini, kowacce sai na yi ƙarya a kan Annabi kafin in shiga. Na bar kwanakin suka ƙare.

Tunde ya raka ni filin jirgi. Ya ba ni wata leda, maganin ciwon gwiwa da rigar sanyi, in kai wa mahaifiyarsa.

"Ni na ce ka ƙona," ya ce. Idanunsa sun yi ja.

"Ni na ƙyasta ashana," na ce.

Na iso Jos ba takarda, sai suna. Allah Ya taimaka gari bai tashi ba, malamai da dattawan unguwa sun yi ta faɗa har ƙurar ta lafa. Amma a ƙofar gidanmu samari sun taru suna kabbara. A Abattoir mahauta suka ɗaga wuƙaƙe sama suna kiran Zaki. Na yi bayani sau ɗaya, sau biyu, na ga ba wanda yake so, na daina.

Kwana uku da dawowa na hau keken haya mai ƙafa uku na tafi Daɗin Kowa da ledar. Na ƙwanƙwasa get ɗin da Tunde ya kwatanta mini. Wata tsohuwa ta leƙo ta 'yar tagar ƙarfen. Na san muryarta, domin duk ranar Lahadi idan sun yi waya sai ta ce a ba ta ni, ta ce, "Ɗana, ka ci abinci?"

"Mama, Nasiru ne. Abokin Tunde. Ya ba ni saƙo."

Ta dube ni, ta dubi hulata, ta dubi titi ta bayana.

"Na sani. Na gani a waya." Ta rage murya. "Tunde ya ce ba haka ba ne. Na ji. Amma mutane na unguwa sun gani, kuma ni kaɗai ne a gida. Ka miƙo ta sama."

Na ɗaga ledar ta saman get, ta karɓa.

"Ka gai da Mama naka," ta ce. Na ji ta ja sakata, sannan ta ja ta biyu.

Na koma bakin titi na tare wani keke. Mun yi nisa kaɗan sai na ga direban yana ta kallona ta madubi. Can ya buga sitiyari.

"Allahu Akbar! Kai ne! Wallahi kai ne! Oga, ai kai ba ka biyan kuɗin mota a garin nan. Don Allah ba ni labari, da ka cinna musu wutar nan, yaya arnan suka yi?"

Na ce ya tsaya. Ya ce ai ba mu iso ba. Na ce na sani. Na sauka, na ajiye masa kuɗinsa a kan kujera, na kama hanyar Kwararafa da ƙafa.